Shamoni, garin da ake koyon karatun ƙanƙara

Yau za mu kai ku ƙasar Faransa, wani gari da ake kira Shamoni. Garin yana cikin kwari, gindin wani babban dutse mai suna Mon Bulan, wato Farin Dutse. Tsawonsa ya wuce mita 4800. Ya ninka dutsen Bagazan na Abzin sau biyu har da ɗori.

Can lokacin ɗari ba ruwa ne ke zuba ba, dusar ƙanƙara ce, fara fat kamar auduga. Tana taruwa bisa duwatsu, ta yau bisa ta jiya. In ta ƙasa ba ta riƙe ta sama ba, sai ta zabtaro gaba ɗaya, da gudun da ya fi na mota. Takan karya itatuwa, ta rufe gidaje da mutane.

Baƙi suna zuwa Shamoni daga ko'ina don hawan dutse. Sukan biya ɗan gari ya ja musu gaba, kamar madugu da ayari. A shekarar 1820 ƙanƙara ta kwashe jagorori 3 bisa Mon Bulan. A 1821 jagororin garin suka kafa ƙungiyarsu, har yau tana nan. Ranar 9 ga Fabrairu 1999 kuma, ƙanƙara ta faɗa wa ƙauyen Monrok kusa da garin, mutum 12 suka rasu.

Akwai makarantar gwamnati cikin Shamoni, sunanta ENSA. Nan ake horar da jagorori. Ba a ɗaukar sabon shiga, sai wanda ya riga ya goge da hawa. Duk da haka sai ya yi shekaru yana koyo kafin ya samu takarda.

Me ake koya musu?

Na farko, karatun ƙanƙara. Jagora yakan gina rami, ya duba ta hawa-hawa, ya danna da hannu ya ji mai tauri da mai rauni. Yakan lura da inda iska ta tara ta, da gangaren da ya yi tsaye da yawa. Kullum ana ba da labarin haɗari da lamba, daga 1 zuwa 5. In an ce 5, haɗari ya kai maƙura.

Na biyu, tafiya. Yawanci nauyin masu tafiya ne ke tayar da ƙanƙarar da ke binne su. Don haka a mugun wuri ɗaya-ɗaya ake ƙetarewa, saura suna kallo.

Na uku, ceto. Kowa yana ɗauke da abu uku: ƴar na'ura mai nuna inda aka binne mutum, da dogon tsinken ƙarfe na lalube, da shebur. Wanda aka tono cikin minti 15 na farko, yawanci yana rayuwa. In an wuce rabin awa, da yawa numfashi ya ƙare musu. Kafin taimako ya iso daga gari, lokaci ya tafi. Abokan tafiya su ne masu ceto. Shi ya sa a wurin koyo ake binne na'ura, a ce ɗalibi ya nemo ta, malami yana duban agogo.

Amma darasi mafi wuya shi ne komawa baya. Baƙo ya biya kuɗinsa, ya zo daga nesa, ga kan dutse yana gani. Jagora ya duba ƙanƙara bai yarda da ita ba. Tilas ya ce: yau ba mu hawa. Baƙo zai yi fushi, amma zai kwana gida. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.