Littafin Ƙungiya da Mutuncin Baba



Mu Katsinawa mazauna Suleja muna da ƙungiya, Baba ne ma'aji. Bara ruwan sama ya shiga shagonsa, ya jiƙa littafin gudummawa, shafi 3 suka lalace. A wajen taro wani dattijo ya ce ya ba da naira 20,000, aka duba ba a gani ba. Baba bai ce uffan ba, ya biya daga aljihunsa. Daren nan ko tuwo bai taɓa ba.

Ni iyakata sakandare, amma wani abokina mai gyaran kwamfuta ya koya mini Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005. Duk gyaran da aka yi, tana ajiye sunan mai gyaran da ranar, tsohon lissafin kuma yana nan. Na ɗora lissafinmu a ɗan filin da ƙungiya ke haya a intanet, na kulle, domin sirrin jama'a ne. Ni da sakatare kowa yana da cikakken kwafi.

Har yanzu Baba da biro yake rubutu. Duk Juma'a bayan masallaci yana karantowa, ina shigarwa.

Allah ya rufa mana asiri, amin.