Renon 'Yar Kyanwa a Illela da Ingila

A Illela, garin kan iyaka da ke fuskantar Birnin Ƙonni, kyanwa ma'aikaciya ce. Inda duk aka tara gero a rumbu ko aka jibge buhunan wake a shago, ɓera ba ya jiran gayyata, shi ya sa ake neman mage. Ba saye ake yi ba. Idan ta maƙwabta ta haihu, sai a aiki yaro ya roƙo ɗaya, kuma ba kasafai ake raɗa mata suna ba. Cimarta ragowar tuwo, ƙayar kifi da ɗan nono a sakaina, saura kuwa ta nemo da faratanta. Addini ya ba ta alfarma: malamai suna karantar da cewa ragowar ruwan da ta sha mai tsarki ne, kuma hadisin matar da ta shiga wuta don ta tsare kyanwa har yunwa ta kashe ta sananne ne. Baƙar kyanwa ce kawai ke shan zargi, musamman da dare.

Bahaushen da karatu ko aiki ya kai Ingila yakan tarar da kyanwa ba ta da sana'a sai ɗebe wa mai ita kewa, kuma doka ta kewaye ta. Mai lasisin sayar da dabbobi ba ya sayar da wadda ba ta kai mako 8 ba. Tun Afrilun 2020 aka hana dillalai sayar da 'yar ƙasa da wata 6, sai dai a je wurin wanda aka haife ta a hannunsa, ko gidajen ceto irin na ƙungiyar Cats Protection, wadda aka kafa a 1927. Daga 10 ga Yunin 2024 kuma ya zama dole a dasa mata 'yar na'urar shaida a ƙarƙashin fata kafin ta cika mako 20, in ba haka ba tara na iya kaiwa fam 500. Ga rigakafi, ga fiɗiya, ga neman yardar mai gidan haya.

Wajen shaƙuwa ne bambancin ya fi fitowa. Likitocin dabbobi sun nuna cewa daga mako 2 zuwa 7 ne 'yar kyanwa ke sabawa da hannun mutum. Wadda ta wuce wannan lokaci ba a taɓa ta ba takan tashi da tsoro. A gidan Illela yara sun gama wannan aiki ba tare da sun sani ba, don tun idonta bai gama buɗewa ba take yawo daga hannu zuwa hannu. Sai dai sabon nata da gidan ne baki ɗaya, ba da mutum guda ba.

A Ingila abin koyo ne. Akan ware mata ɗaki guda da ruwa da akwatin yashi na bahaya, a zauna a ƙasa a ƙyale ta ta matso don kanta. Da zare ake mata wasa, ba da yatsa ba, don kada ta saba da cizo. Madarar shanu, wadda a gida ake ɗauka gata ce, zawo take sa yawancin kyanwoyi. Ga baƙon da ke zaune shi kaɗai, a hunturun da duhu ke rufawa tun ƙarfe 4 na yamma, wannan hidima takan ƙulla shaƙuwar da mutanen gida za su ji kamar wauta ce, alhali kaɗaici ne ya haife ta.

Abin da kyanwar Illela ta rasa shi ne rigakafi, musamman na ciwon haukan kare, wanda kyanwa ma takan ɗauka ta kuma yaɗa. Saboda wannan ciwo ne mai son kai kyanwa Ingila daga Najeriya sai ya yi mata allura, a gwada jininta bayan aƙalla kwana 30, sannan ya jira wata 3 kafin a bar ta ta shiga.