Dakar Zuwa Diamniadio: Hanyar Da Sai Ka Biya Za Ka Bi

Ɗalibai, ku ɗauko taswirar Afirka ku bi gaɓar tekun yamma da yatsa har inda ƙasa ta ƙare. Za ku ga wani ɗan yanki ya miƙe cikin Tekun Atlantika kamar wuyan gora. A kansa Dakar take, babban birnin Senegal. Ruwa ya kewaye birnin ta ɓangare uku, don haka mai son fita da mota ba shi da zaɓi sai ya nufi gabas, ta cikin wuyan goran nan.

Kusan mutum miliyan 4 ke zaune a yankin Dakar, wato fiye da kashi ɗaya cikin biyar na al'ummar ƙasar, a filin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin Senegal ba. Shekara da shekaru babbar hanya ɗaya ce rak ke ɗaukar wannan jama'a da kayansu. Tireloli daga tashar jiragen ruwa, da motocin haya, da amalanken doki, duk a kanta suke gogayya. Tafiyar kilomita 30 takan cinye awa biyu, wani lokaci ma fiye. Ma'aikaci ya bar gida da asuba, ya isa ofis rana ta take.

A wannan makon za mu bi sabuwar hanyar da aka gina domin kwance wannan ƙulli. Tsawonta daga Dakar zuwa garin Diamniadio, wanda ake furta sunansa kamar Jamnyajo, kilomita 32 ne. An fara aikin a zamanin Shugaba Abdoulaye Wade, Shugaba Macky Sall ya buɗe ta ranar 1 ga Agusta, 2013. Tafiyar da ke cin awa biyu ta dawo kamar ta rabin awa. Amma ku riƙe kuɗinku a hannu, domin wannan hanya ba a binta kyauta.

Wa ya gina, wa ya biya?

Muna tashi daga tsakiyar birni, mu wuce mahaɗar Patte d'Oie, mu nufi unguwar Pikine. Wannan kashi na farko gwamnati ce ta gina shi da kuɗinta. Daga Pikine zuwa Diamniadio kuwa, kimanin kilomita 20, wani kamfanin Faransa mai suna Eiffage ne ya yi aikin, bisa wata yarjejeniya da aka sa wa hannu a 2009. Irin wannan yarjejeniya ita ake kira haɗin gwiwar gwamnati da 'yan kasuwa.

Kun san irinta a kasuwanninmu. Wani yana da fili a bakin titi amma ba shi da kuɗin gini. Sai ɗan kasuwa ya zo ya ce: “Bari in gina shaguna da kuɗina, in karɓi haya shekara goma, bayan nan in bar maka ginin.” Haka Senegal ta yi da kamfanin. Ƙasa da hanya na gwamnati ne. Kamfanin ya zuba nasa kuɗin, ya yi gini, zai kula da gyara da tsabta, ya karɓi kuɗi daga masu motoci har shekara 30, sannan ya miƙa wa gwamnati kayanta.

Bambancin wannan da kwangilar da muka saba gani babba ne. A kwangilar yau da kullum, ɗan kwangila ya shimfiɗa kwalta, a biya shi, ya naɗe kayansa ya tafi. Idan damina biyu ta fasa titin, ba ruwansa. A nan kuwa wanda ya gina shi ne zai zauna da hanyar shekara 30. In ya yi ha'inci a siminti ko kwalta, aljihunsa ne zai yi kuka wajen gyara. In motoci ba su bi hanyar da yawa kamar yadda ya yi lissafi ba, shi ke da asara. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Sai dai kada ku ɗauka kamfanin ne ya ɗauki dukan nauyin. Aikin gaba ɗaya ya ci kimanin sefa biliyan 380. Abin da kamfanin ya kawo, nasa da wanda ya ranto, kimanin biliyan 61 ne, wato wajen kashi ɗaya cikin shida. Sauran ya fito daga baitulmalin Senegal da rancen da ta karɓo daga Bankin Duniya, da Bankin Raya Afirka, da hukumar raya ƙasashe ta Faransa. Bashi kuwa da harajin talakawa ake biyansa. Ku riƙe wannan lissafi, za mu dawo kansa.

Gidajen da hanya ta ci

Da muka shiga Pikine da Thiaroye, ku leƙa ta taga. Gidaje ne cunkus dama da hagu, har jikin katangar hanya. Yara na buga ƙwallo a lunguna masu rairayi, raguna na ɗaure a kan benaye, ga gadojin ƙafa da aka ɗaga domin mutane su riƙa tsallakawa. Thiaroye tana da tarihi mai ɗaci: a nan ne sojojin Faransa suka buɗe wuta kan sojojin Afirka ta Yamma da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu suna neman haƙƙinsu, ranar 1 ga Disamba, 1944.

Inda tayar motarmu ke takawa yanzu, da ɗakunan mutane ne da shagunansu. Kimanin mutum 30,000 aikin ya shafa. An biya diyya, an kuma keɓe sabon matsuguni a Tivaouane Peulh domin waɗanda aka tasa. Wannan ɗawainiya ta faɗa wuyan gwamnati ne, ta hannun hukumarta mai suna APIX, kuma ta cinye kaso mai tsoka na kuɗin aikin. Ko an biya diyya, ba a iya sayen maƙwabtaka. Mai sayar da abinci da aka tasa daga bakin kasuwa ta bar masu sayen abincinta a baya, ɗalibi ya bar makarantarsa da abokansa. Duk lokacin da kuka ga hoton sabuwar hanya tana sheƙi a jarida, ku tuna akwai mutanen da ba su fito a hoton ba.

A bakin tolget

Ga mu a shingen karɓar kuɗi, abin da direbobinmu ke kira tolget. Motoci sun rabu layi-layi. Wasu na miƙa kuɗi ta taga su karɓi rasit, wasu kuma suna da wata 'yar na'ura mai suna Rapido manne a gilashin gaba, wadda ake zuba wa kuɗi kamar katin waya. Da sun matso, sandar ta ɗaga da kanta.

Muna wucewa sai hanya ta ratsa dajin Mbao, iska ta ɗan yi sanyi. Can hannun dama garin Rufisque yake, tsohuwar tashar fitar da gyaɗa tun zamanin Turawa, garin masunta, kusa da shi kuma ga hayaƙin masana'antar siminti. Ta cikin garin tsohuwar hanya ta bi, kuma har gobe kyauta ce. A kanta za ka ga tsofaffin motocin haya masu fentin shuɗi da rawaya, an rubuta “Alhamdulillahi” a goshinsu, yaran mota sun maƙale a baya suna kiran fasinja. Hanyoyin biyu na tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa: ɗaya ta mai kuɗi yana sauri, ɗaya ta mai haƙuri yana lissafin canjinsa.

Daga nan sai fili ya buɗe, itatuwan kuka suka fara bayyana jefi-jefi, sai ga Diamniadio. Kafin hanyar, ƙaramin gari ne a mararraba. Yanzu gwamnati na gina sabon birni a wurin domin rage wa Dakar nauyi. Akwai babban zauren taro mai sunan tsohon Shugaba Abdou Diouf da aka buɗe a 2014, da ofisoshin ma'aikatu, da filin wasa na Abdoulaye Wade mai ɗaukar 'yan kallo 50,000 da aka buɗe a 2022. A 2016 an ƙara wa hanyar kimanin kilomita 17 zuwa sabon filin jirgin sama na Blaise Diagne, wanda ya fara aiki a Disamban 2017. Kamfanin nan dai shi ya samu wannan ƙarin. Duk wanda ya ce hanyar ba ta amfani ƙasar ba, bai yi adalci ba.

Hayar jaka ɗaya

To ina gizo ke saƙar? A kuɗin tolget da kuma abin da aka rubuta a takarda. Da farko ƙaramar mota na biyan sefa 3,000 daga Dakar zuwa filin jirgi. Mutane suka yi ta ƙorafi cewa ya yi tsada. Suna cewa: da harajinmu aka yi mafi yawan aikin, me ya sa za a sake tatsar mu haka? A watan Mayun 2018 wani sanannen mawaƙi ya rasu bayan motarsa ta yi karo da saniya a kan hanyar cikin dare. Jama'a suka fusata, suna tambayar yadda dabba ta shiga hanyar da ake biyan kuɗi, da dalilin rashin fitilu a wasu sassanta. A ƙarshen shekarar aka rage kuɗin zuwa sefa 2,000.

Ku ɗauko biro mu yi lissafi. Ma'aikacin filin jirgi da ke zaune a Dakar, yana zuwa da motarsa yana dawowa, zai biya 4,000 kullum. A kwana 22 na aiki, sefa 88,000 ke nan a wata, ban da mai. Wannan bayan ragi ne fa.

Wani abu da ya ƙara ba mutane mamaki shi ne kuɗin hayar ƙasa. Bisa yarjejeniyar farko, abin da kamfanin ke biyan gwamnati a matsayin hayar filin da hanyar ke kai shi ne sefa 1,000 a shekara, abin da 'yan uwanmu na Nijar ke kira jaka ɗaya. Ba a ɓoye aka yi ba, a rubuce yake, kuma wakilan gwamnati sun sa hannu. A lokacin da aka ƙulla yarjejeniyar, ba wanda ke da tabbacin direbobi za su yarda su biya kuɗin hanya, don haka aka sassauta wa kamfanin domin ya shigo. Da motoci suka cika hanyar, sai ciniki ya yi kyau, aka ga rabon bai yi daidai ba.

A 2021 ɓangarorin biyu suka sake zama. Gwamnatin Senegal ta sayi kashi 25 cikin 100 na hannun jarin kamfanin da ke tafiyar da hanyar, a kan sefa biliyan 19, domin ita ma ta riƙa cin riba. Hayar ƙasa ta tashi daga jaka ɗaya zuwa kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ake tarawa, kuma ba za ta gaza miliyan 800 a shekara ba. Aka amince ba za a ƙara kuɗin tolget ba har shekara biyar, aka kuma yi alƙawarin sa fitilu. Shi ma kamfanin bai tashi hannu banza ba: an ƙara masa shekara biyar, zai riƙe hanyar har 2044. Gyara ya yiwu, amma da tsada, bayan shekaru sun wuce. Tun ran gini, ran zane.

Me ya shafe mu?

Wannan tsari ya iso gida. Nijeriya ta yi dokar irin wannan haɗin gwiwa tun 2005, da hukuma mai sa ido a kai, wato ICRC. Gwamnatin Legas ta ba wani kamfani hanyar Lekki zuwa Epe a 2006 na tsawon shekara 30. Aka fara karɓar kuɗi a Disamban 2011 cikin zanga-zanga, kuma ba a yi nisa ba gwamnatin jihar ta sayi kamfanin ta karɓe hanyar. A watan Fabrairun 2025 aka fara karɓar kuɗin tolget a hanyar Keffi zuwa Akwanga, Lafiya da Makurdi, fiye da shekara 20 bayan gwamnatin Obasanjo ta rushe tolget a hanyoyin tarayya. Direban da ya ɗauko doya daga Binuwai ya biya a shinge, a kan kuɗin doyar zai fanshe, ku kuma ku ci ta a gida.

Ɗalibin da ke aji uku na babbar sakandare a yau zai kai shekara 35 ko fiye kafin hanyar Dakar ta koma hannun gwamnati. Yarjejeniyoyin da ake sa wa hannu yanzu a ƙasashenmu ma haka suke: manya ke ƙullawa, ku za ku biya. A cikinku akwai injiniyoyin gobe, da lauyoyi, da akantoci, da 'yan jarida, da 'yan majalisa da za su zauna a teburin irin wannan ciniki.

Saboda haka idan kuka ji an ce an ba wani kamfani hanya, ku yi tambaya biyar. Nawa kamfanin ya zuba, nawa gwamnati ta zuba? Shekara nawa zai riƙe ta? Wa ke yanke kuɗin tolget, kuma yaushe ake iya ƙara shi? Akwai wata hanyar kyauta ga marar hali? Waɗanda aka tasa daga gidajensu da gonakinsu, an biya su? Ku kai waɗannan tambayoyi ajin darasin tattalin arziki ko ƙungiyar muhawara ta makarantarku, ku gwada su a kan hanyar da ta fi kusa da garinku, sannan ku rubuto mana abin da kuka gano.