Ina Jiran Contra Daga Jamus

Jama'a, kada ku yi mini dariya. Furfura ta fara fito mini, amma ga ni ina ƙirga kwanaki saboda wasan bidiyo. Ƙanena da ke Jamus ya yi alkawarin aiko mini da Nintendo Switch tare da Contra: Operation Galuga, wanda kamfanin Konami na Japan ya fitar a 2024.

Mu yaran Atonsu na da mun san Contra. Asalinsa wasan jefa kwabo ne na 1987, mu kuwa a kaset ɗin kasuwar Kejetiya muka same shi. Sojoji biyu, harbi ba tsayawa, harsashi ɗaya ya taɓa ka, ka mutu. Wanda ya haddace sirrin rai 30 shi ne sarkin layi.

Ita wannan na'ura ana jona ta da talabijin, in dumso ya zo a zare ta a ci gaba a hannu. Da can ɗauke wuta ke kashe mu.

Amma gaskiyar magana, ɗana nake wa tanadi. Shekararsa 13, kullum kansa sunkuye kan waya, hirarmu ba ta wuce "To, Baba." Contra kuwa na mutum biyu ne, dole a zauna kafaɗa da kafaɗa. Na gaya masa. Ya ce zai gwada, in dai ba wasan tsofaffi ba ne.