Tsani Biyu da Igiya Ɗaya

A daminar bara aka kira ni da tsakar rana cewa ɗan yayata, mai aikin wayarin, ya faɗo. An ɗauke shi ne ya gyara wata fitila a bangon bene, can sama da rumfar ƙofar shiga. Da tsani ɗaya ya gaza, sai aka haɗa biyu aka ɗaure da igiya, aka ja gindin baya domin ya tsallake rumfar. Gindin ya zame. Ya karye a ƙugu, ya yi wata huɗu a kwance, har yau kuma da sanda yake tafiya. Mai ginin ya zo dubiya sau ɗaya, ya ce ƙaddara ce.

Ba na jayayya da ƙaddara. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, na san akwai injin da aka ƙera domin irin wannan aiki. Na fara ganinsa a Ingila lokacin da nake karatun digiri na uku, inda wani lokaci har don goge tagar bene akan kawo shi. Keke ne mai taya huɗu, da dogon hannu na ƙarfe, da kwando a ƙarshensa inda ma'aikaci ke tsayawa. Wani samfurin hannunsa miƙaƙƙe ne kamar sanda. Wanda ya ɗauki hankalina shi ne mai gaɓoɓi, wanda ke lanƙwashewa kamar gwiwar hannun mutum: ya ɗaga sama, ya tsallake rumfa ko bututu ko reshe, ya kai ma'aikaci daidai inda aikin yake. Matsin mai ne ke motsa gaɓoɓin, mutumin da ke cikin kwandon kuma shi ke sarrafa su. Ba baƙon abu ba ne a duniya, domin tun 1969 John Grove ya kafa kamfanin JLG a jihar Fensilbaniya ta Amurka a kan wannan sana'a.

Sai dai injin ba laya ba ne. Yawancin kwandunan ba sa ɗaukar fiye da kimanin kilo 230, har da kayan aiki. Idan gudun iska ya haura mita 12.5 a daƙiƙa, ƙa'idar mafi yawansu ita ce a sauko. Taya ɗaya ta faɗa rami alhali hannun na miƙe, kwandon zai iya cilla mutum kamar dutse daga majajjawa, shi ya sa ake ɗaura masa ɗamara mai gajeruwar igiya. Ƙarfen ba ya kare kowa daga wayar lantarki. Dole kuma a bar wani a ƙasa wanda ya iya sauke kwandon idan na sama ya kasa.

Za a ce akwai tsada. Gaskiya ne, ƙaramin mai wayarin ba zai saya ba, ba kuma shi nake tuhuma ba. Hayarsa ake yi, na kwana ɗaya ko biyu, kuma mai bene hawa huɗu ba zai ce kuɗin ya fi ƙarfinsa ba. Lissafi kawai ya yi: tsani da igiya sun fi araha, tunda idan yaro ya faɗo danginsa ne za su biya asibiti. Mu muka biya.

Ni ma ban tsira ba. A makon jiya na fito daga aji na tarar da wani dattijo ya ɗora tsani a kan teburi yana canza ƙwan fitila, teburin na rawa. Na tsaya, na dube shi, na ce masa sannu da aiki, Baba, na wuce ofis.