Mun je Badagry wasan ruwa

Mu tara ne, duk 'yan aji biyu a jami'a, kuma bakwai daga cikinmu ba mu taɓa ganin teku ba sai a waya. Da aka shirya mana tafiya Legas a hutun zango, ba abin da muka sa a gaba sai hoto a bakin ruwa. Badagry ma mun zaɓe ta ne don an ce ba ta kai bakin tekun cikin Legas tsada ba.

Garin yana yamma da Legas, kusa da iyakar Seme da Jamhuriyar Benin. Cunkoson motoci ya cinye mana safiya, sai hantsi muka fara ganin bishiyoyin kwakwa. Shawararmu ita ce mu ba gidajen tarihi rabin awa, don kada malaminmu ya ce ba mu leƙa ba, sannan mu wuce rairayi.

Mun fara da benen da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda ake wa laƙabi da bene na farko a Najeriya. Nan 'yan Kanonmu suka tayar da gardama, wai ina aka bar sorayen ƙasa na birni? Mai yi mana jagora ya yi dariya, ya ce ba mu ne farkon masu faɗa ba.

Daga nan muka shiga gidan Seriki Abass, inda ake tsare bayi kafin jirgi ya zo. Ɗakunan ƙanana ne, mu tara ma da ƙyar muke numfashi a ciki, amma jagoran ya ce mutum arba'in ake cusawa a kowanne. A ɗan gidan tarihin iyalan Mobee kuma akwai sarƙoƙin ƙarfe, ana barin baƙo ya rataya ɗaya a wuya ya ji nauyinta. Ba za mu ɓoye muku ba, ƙannenmu, rububin ratayawa muka yi muna ɗaukar hoto muna shewa. Sai jagoran ya tambaye mu daga ina muke. Muka ce Kano, Zariya, Sakkwato. Ya ce, "To, akwai 'yan'uwanku cikin waɗanda suka bi ta nan."

Maganar ba ta yi mana daɗi ba. A tunaninmu cinikin bayi na teku labarin mutanen kudu ne da Turawa. Wata daga cikinmu da ke karanta tarihi ce ta ce gaskiya ya faɗa. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 sun sa an kama Hausawa da yawa, aka gangaro da su tasoshin wannan gaɓa, aka kai su Bahia a ƙasar Brazil. A can an gano shirin tawayen bayi Hausawa a 1807, kuma a watan azumi na 1835 bayi Musulmi, galibi Yarbawa amma har da Hausawa, suka yi bore a birnin Salvador, wasu da layu a jikinsu. Abin da ya fi nauyi shi ne, ba Bature ne ya je arewa ya kamo su ba. Mutanen ƙasar nan ne suka miƙa su hannu zuwa hannu, har da namu. Hanyar kuwa sananniya ce: daga Badagry Clapperton ya tashi a Disambar 1825 ya nufi wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya mutu a Sakkwato a 1827.

Rabin awarmu ta zama awa uku. Muka shiga kwalekwale muka haye zuwa tsibirin Gberefu, muka kama tafiya a ƙasa cikin yashi da rana. A hanya akwai rijiyar da ake cewa ana tilasta wa bayi shan ruwanta don su manta gida. Ko gaskiya ne ko almara, ba wanda ya yi marmarin leƙa ta sau biyu. Ƙarar ruwan muka fara ji, kamar hadari na tasowa, sannan muka haura tudun yashi. A nan muka fara ganin teku a rayuwarmu, a wurin da suke kira Point of No Return, wato inda ba a dawowa. Mun daɗe a tsaye kafin wani ya tuna da waya.

Da la'asar mun je rairayin Suntan kamar yadda muka tsara. Mun hau doki, mun sha ruwan ɗanyar kwakwa, mun ci gasasshen kifi. Wanda zai je ya kiyaye: igiyar ruwan tana janye yashin da ke ƙarƙashin ƙafa idan za ta koma, iyon kududdufi ba ya aiki a nan, kada ya wuce gwiwa. Ya kuma tafi da ruwan sha da hular rana saboda Gberefu, ya daidaita kuɗin kwalekwale, zuwa da dawowa, kafin ya shiga.

A mota muka bi hotunan sarƙar ɗaya bayan ɗaya. Biyu daga cikinmu suka goge nasu. Sauranmu muka bar su a waya, amma har yau ba wanda ya ɗora.