Wufar Mota a Falon Gida

Litinin
Ƙanena ya sayar da motarsa, amma kafin nan ya kwance wufar da ke cikin but tare da amfilifayarta ya kawo mini. Mai inci 12 ce, cikin rufaffen akwatin katako, an rubuta om 4 a bayanta. Sitiriyon falona kuwa sifika mai om 8 aka yi masa. Idan na jona masa ita kai tsaye zai ja wuta fiye da ƙarfinsa, ya ɗau zafi, ya kashe kansa ko ya ƙone. Dole amfilifayarta ta ɗauki nauyinta.

Talata
Na leƙa wurin mai gyaran rediyo a Sabon Gari. Ya ce, "Yallaɓai, aikin nan duk na wuta ne." Amfilifayar mota bolt 12 take ci irin na batir, soket kuma 230 yake bayarwa. Wat 300 a bolt 12 amfiya 25 ke nan, abin da ƙaramar adafta ba za ta taɓa iyawa ba. Ya ɗauko mini akwatin wutar tsohuwar kwamfutar tebur.

Laraba
Yau aka yi aikin. Akwatin ba ya tashi sai an haɗa koriyar waya da baƙa ɗaya. Ina haɗawa fankarsa ta fara juyawa. Na zare filogi, na fere wayoyi masu ruwan ɗorawa na murɗe su wuri guda, na sa fis, na ɗaure a +12V na amfilifaya. Baƙaƙen suka tafi GND. Murɗewar tana da dalili: siririyar waya ɗaya ba ta jure wutar nan, robarta narkewa take. Sai guntuwar waya daga +12V zuwa REM, wanda a mota rediyo ne ke ba shi wuta. Fitilar amfilifaya ta kama.

Alhamis
Na ja wayar RCA daga ramin wufa na sitiriyo. Wani gurnani ya taso, ya lafa da na mayar da filogin sitiriyo da na akwatin wutar soket ɗaya. Na tsayar da matacin sauti a 80 Hz don muryoyi su zauna a ƙananan sifikoki.

Juma'a
Na sa Shata bayan sallar Juma'a. Kiɗan ya cika falo har gilashin taga yana rawa. Da isha'i na rage, saboda irin wannan sautin ratsa bango yake, maƙwabcina kuma yana da jariri.

Mai niyyar amfani da batirin mota maimakon akwatin wutar kwamfuta ya ajiye shi inda iska ke shiga, domin lokacin caji yana fitar da iskar da ke kama wuta.